Tsaftar Cikin Jirgin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Dogo ya iso Kano tun 1911, amma da yawa daga cikinmu ba su taɓa sanya ƙafa a tarago ba sai bayan da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, ga kuma aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Duk inda ake hirar jirgi, zancen tikiti ake yi, da tsaro, da makara. Maganar tsafta ba ta tasowa sai wani ya dawo daga banɗaki yana yamutsa fuska. Ni kuwa abin ya daɗe a raina, domin tarago ɗaki ne guda a rufe, mutum 80 ko fiye na iya zama cikinsa, suna ci suna sha, suna tari, kowa kuma ƙofa ɗaya yake kamawa. Ga tambayoyin da na fi jin fasinjoji na yi.

Wa ke share tarago, kuma da yaushe ake yin sharar?

A kowane layin dogo da ya san abin da yake yi, sharar hawa-hawa ce. Akwai ta tsakanin sauka da hawa, wato lokacin da jirgi ya iso tashar ƙarshe, kamar Idu ko Rigasa, kafin ya juya. A nan tsince robobi da ledoji ake yi, a zubar da kwandon shara, a goge tebur, a leƙa banɗaki. Akwai ta kan hanya, inda ma'aikaci ɗaya ko biyu ke zagawa da leda da tsumma jirgi na tafiya. Wannan ta fi muhimmanci a doguwar tafiya irin ta tsohon layin Legas zuwa Kano, mai sama da kilomita 1,100, wadda akan kwana a hanya. Sai ta dare, bayan jirgi ya koma ma'ajiyarsa: a share ƙasa a wanke, a zuƙe ƙurar kujeru da inji, a kwashe tankin banɗaki, a cika na ruwa. Ta ƙarshe ita ce babbar wanka da ake yi jefi-jefi, a fitar da taragon daga aiki gaba ɗaya, a wanke yadin kujeru da tururi, a sauke labule, a buɗe ƙarƙashin kujeru da hanyoyin iska.

Ta farkon ce fasinja ke gani, don haka ita ake yi wa hukunci. Amma warin da ke kama tarago ya ƙi fita, daga tsallake ta uku da ta huɗu yake zuwa. Idan taragai sun yi kaɗan, fasinja sun yi yawa, abin da ake fara sadaukarwa ke nan, don ba mai son ajiye tarago yini guda alhali ana layin tikiti.

Gaskiya ne a Japan cikin minti 7 ake share jirgi?

Gaskiya ne. A babbar tashar Tokyo, jirgin nan mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen yakan tsaya minti 12 kafin ya juya. Minti 2 na saukar fasinja ne, minti 3 na hawan sababbi, saura 7 na masu shara. Kamfanin TESSEI ne ke wannan aiki a jiragen JR East, kamfanin jiragen ƙasa na gabashin Japan, kuma ma'aikaci guda na iya ɗaukar tarago mai kujera kusan 100. Tun kafin jirgi ya tsaya suna jere a bakin dandamali da kayan aikinsu. Kowa ya san inda zai fara da inda zai ƙare: ya duba ma'ajiyar kaya ta sama ko an yi mantuwa, ya goge kowane tebur, ya share ƙasa, a juya kujeru su fuskanci inda jirgi zai nufa. Aikin ya yi suna har makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard ta mayar da shi darasi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda suke tarar da taragon. Fasinjan can yakan sauka da shararsa a hannu, wani ma ya miƙa wa mai shara a bakin ƙofa. Da a ce za su tarar da tukar rake da ɓawon gyaɗa da miya a kan kujera, minti 7 ba zai kai su ko'ina ba. Na taɓa zama kusa da wata dattijuwa da ta ɓare lemo uku a hanya, ta tara ɓawon da 'ya'yan a ledar da ta zo da ita, ta ƙulle ta sa a jaka. Ba wanda ya ce ta yi. Na san akwai irinta da yawa a cikinmu, kuma su ne ke sa aikin mai shara ya yiwu.

Wane wuri ne ya fi haɗari a cikin tarago?

Ido yakan tafi ƙasa, amma ba a cin abinci da tafin ƙafa. Inda hannu ke yawan sauka nan ne abin lura: mariƙin ƙofa, sakatar banɗaki, kan famfo, maɓallin sakin ruwa, hannun kujera, ƙarfen da ake kamawa wajen hawa, da ɗan teburin da ake saukewa daga bayan kujerar gaba. Teburin nan ya fi ba ni tsoro, domin a kansa ake ɗora waya, a ɗora abinci, yaro ya kifa fuska ya yi barci, kuma idan a naɗe yake mai shara na iya wuce shi bai buɗe ba.

Cututtukan ciki irin su kwalara, taifot da atini daga bayan gida suke zuwa baki, ta hannu ko ta ruwa ko ta abinci. Hanyar gajeriya ce: sakatar banɗaki, hannu, tsire.

Ina bayan gidan da ake yi a jirgi yake zuwa?

Ya danganta da irin banɗakin, kuma iri uku ne.

Tsohon yayi rami ne kawai a buɗe, komai ya faɗa kan layin dogo. Shi ya sa a tsofaffin jirage aka hana shiga banɗaki idan jirgi na tsaye a tasha. Ba a ƙasashen talakawa kaɗai aka yi wannan ba, har a Birtaniya an daɗe ana amfani da taragai masu zubarwa a kan layi, sai a 'yan shekarun nan aka matsa wajen kawar da su. Illarsa ba ta tsaya ga wari ba. Ma'aikatan gyaran layi su ke shan fantsalin, ƙarfen dogo yana tsatsa da wuri, kuma da damina ruwa na wanke ƙazantar zuwa rafi da rijiyoyin ƙauyukan da layin ya ratsa.

Na biyu shi ne mai tanki a ƙarƙashin tarago. Na zamani daga cikinsu da iska yake zuƙewa, irin na jirgin sama, da ruwan da bai wuce lita 1 ba a kowane sakawa, alhali na gida kan ci lita 6 zuwa 9. Tankin ana kwashe shi ne da inji a ma'ajiyar jirgi. Idan ya cika a hanya banɗakin ya tashi daga aiki ke nan har sai an kai inda za a kwashe. Sau da yawa wannan ne dalilin da za ka tarar da ƙofa a kulle.

Na uku Indiya ce ta fi shahara da shi. Hukumar binciken tsaro ta ƙasar, DRDO, ta haɗa kai da hukumar jiragen ƙasa suka samar da tanki mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rayuwa ba da iska ba. Su ke cinye bayan gidan su mayar da shi ruwa da iskar gas, sai a sa wa ruwan kulorin kafin a sake shi. Sun kafa irinsa a dubban taragai. Babbar matsalar da suka yi ta fama da ita kuwa ita ce fasinja na jefa robobi da ledoji da tsummoki a ciki, bututun ya toshe.

Wannan darasin namu ne kai tsaye. Ledar fiya wata guda ɗaya ta isa ta kashe banɗakin da mutum 80 suka dogara da shi. Haka famfas, audugar mata, da takardar goge jiki mai danshi, wadda ba ta narkewa a ruwa. Duk waɗannan kwandon shara ne wurinsu.

Mu da ruwa muke tsarki. Yaya za a yi da buta da alwala a banɗakin jirgi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, kuma ita ce aka fi kawar wa kai. Yawancin banɗakunan jiragen zamani an zana su ne domin mutanen da ke zama a kan masai su goge da takarda, ƙasa ta zauna a bushe. Mu kuwa sai da ruwa. Shi ya sa awa ɗaya da tashin jirgi za ka tarar da ƙasan banɗaki ya zama tafki, sai takalma su kwaso ruwan su bi da shi tsakiyar tarago, inda yara ke rarrafe, inda gefen zane da bakin riga ke ja. Mai shara zai iya gogewa sau goma, mutum na goma sha ɗaya ya sake jiƙawa. Ba ƙazantar mutane ce ta kawo haka ba, tsafta ma suke nema. Ɗakin ne bai dace da su ba.

A ganina, duk mai sayo tarago domin layin da zai bi ta Kaduna, Zariya, Kano, Katsina ko Maraɗi ya kamata ya sa wannan a cikin sharuɗɗansa tun daga masana'anta: ƙasa mai gangara zuwa rariya, ɗan tiyo a gefen masai, ƙarfen riƙewa, da masai na tsuguno aƙalla a wani ɓangare na jirgin. Ba sabon abu ba ne. Jiragen Indiya suna da banɗakin tsuguno da na zama, har da moɗar ƙarfe ɗaure da sarƙa, domin su ma da ruwa suke wankewa. Tankin kuma a lissafa girmansa da ruwan buta a ciki, don yana cika shi da sauri fiye da yadda mai zanen ya zata.

Kafin a kai can, ga abin da fasinja zai iya. Ka kama ruwa ka yi alwala a tasha kafin ka hau, tafiyar Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ce, alwala ɗaya na iya kai mutum. Idan dole ta sa, ka yi tsarki a kan masan yadda ruwan zai faɗa ciki. Kada ka hau kansa da takalmi ka tsuguna: yana ɓata wa na bayanka wurin zama, yana fasa murfin, kuma jirgi na girgiza sai ka zame. Kada a ɗaga ƙafa a sa cikin kwamin wanke hannu, ba a yi shi don ya ɗauki nauyin mutum ba, ga shi nan wani zai zo ya wanke fuska. A rage ruwa. Ya tabbata a hadisin Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya, kuma mudun nan bai kai lita 1 ba. Malamai sun yi bayanin sauƙin da matafiyi ke da shi, na wanke gaɓa sau ɗaya, da shafa a kan huffi, da haɗa salloli. Mutum ya tambayi malaminsa tun kafin ranar tafiya.

Ana iya shan ruwan famfon jirgi?

A'a. Daga tanki yake, an cika shi da tiyo a tasha, yana iya kwana a ciki cikin zafi. Na wanke hannu da tsarki ne. Ko kurkure baki gara a yi da ruwan sha, madarar jariri kuwa kada a kusance ta da shi.

Idan tarago na ƙamshin Izal ko turare, ya nuna an tsaftace shi?

Ya nuna an zuba abu mai ƙamshi. Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma dole wankewa ta riga. Maiƙo da datti suna cinye ƙarfin kulorin, suna kuma rufe ƙwayoyin cutar, saboda haka sai an fara gogewa da ruwan sabulu ko omo sannan a bi da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a lokacin korona, a 2020. Domin goge wuraren da ake taɓawa, kulorin mai ƙarfin 0.1 cikin 100. Domin jini da makamantansa idan sun zube da yawa, 0.5 cikin 100. Ruwan kulorin na kasuwa, irin su Hypo da Jik, ana rubuta ƙarfinsa a jikin roba ko leda. Idan 3.5 cikin 100 ne, kofi 1 a kofi 34 na ruwa shi ne haɗin farko, kofi 1 a kofi 6 shi ne na biyu. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti 1 kafin ya bushe. A yi sabon haɗi kullum, na jiya ya riga ya sane. Kulorin na cin ƙarfe yana kuma ɓata launin yadi, don haka ƙarfe da maɓallai sun fi son sifirit mai ƙarfin 70 cikin 100.

Hukumar ta kuma ce feshin magani a iska cikin ɗaki ba ya maye gurbin gogewa da tsumma, yana ma iya taɓa ido da ƙirji. Mutum sanye da farar riga yana feshi ya fi kyau a hoto, amma mai tsumma da bokiti shi ke aikin.

Abu biyu kuma. Kada a taɓa haɗa kulorin da wani maganin wanke masai ko mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne, a ɗan ƙuƙumin banɗakin jirgi yana iya sumar da mutum. Sannan tsumman banɗaki kada ya hau tebur. A wurare da dama launi ake bambantawa da shi: ja na banɗaki, shuɗi na sauran wurare, kore na wurin abinci. Ana farawa daga sama zuwa ƙasa, daga mai dama-dama zuwa mafi datti, banɗaki ne ƙarshe.

Mutum na iya kwaso kuɗin cizo daga kujerar jirgi?

Yana yiwuwa, ko da yake ya fi faruwa a jirgin kwana mai gadaje da barguna. Kuɗin cizo ba ruwansa da datti ko tsafta, jini yake nema, kuma a jakunkunan matafiya yake yawo. Yana ɓuya a ɗinkin kujera da tsaguwa, yana iya yin watanni bai ci ba. A ƙarshen 2023, ana shirin gasar Olamfik ta 2024, hankalin mutanen Faransa ya tashi saboda hotunan da aka yi ta yaɗawa na kuɗin cizo a jiragen Faris, ko da yake ministan sufuri na lokacin ya ce binciken da aka yi bai tabbatar da ko ɗaya a cikin jiragen ba.

Ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma duk wanda ya taɓa shigar masa ɗaki ya san azabarsa. Alamarsa ɗige-ɗige baƙi a bakin ɗinki. Zafi ne ke kashe shi har ƙwansa, shi ya sa tururi ya fi feshi a kujera. Idan kana zargi, kada ka ɗora jakar tafiya a kan gado da ka isa gida. Ka wanke kayan da ruwa mai zafin digiri 60, ka bi da guga, jakar kuma ka zazzage ta a waje.

Ɓera da kyankyaso fa? A hana cin abinci ne?

Ban ga dalilin hanawa ba. Matafiyi sai da guzuri, kuma mai ciwon suga da mai goyo da yaro ba za su jira ba. Ragowar ce matsala. Ƙashin kaza da aka cusa a aljihun kujera, shinkafar da ta zube a lungu, robar lemo da aka bari a buɗe, su ke kiran kyankyaso. Da dare kuma, jirgi na ajiye, ɓera ya shigo. Ɓera na cin wayar lantarki, sannan mu da muke ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani mun san abin da fitsarinsa da kashinsa ke jawowa idan suka taɓa abinci. Cutar daga garin Lassa na jihar Borno ta samo sunanta, a 1969. Saboda haka wajibi ne kada shara ta kwana a tarago, kuma kayan abincin da ake sayarwa a jirgi su kasance a rufe cikin mazubi mai murfi.

Maganin ƙwari aikin ƙwararru ne, a tarago da ba kowa, a kuma buɗe shi ya sha iska kafin a ɗauki fasinja. Fiya-fiya da ire-irenta ba su da wuri a ɗakin da ke rufe ruf da na'urar sanyi.

Masu cin goro da masu kaki, don Allah a riƙe leda ko hankici. Tagar jirgin zamani ba ta buɗuwa, lungun bayan kujera kuma ba wurin tofi ba ne.

Tunda tagogi a rufe suke, iskar da muke shaƙa fa?

Na'urar sanyin tarago tana jawo iska daga waje ta haɗa da ta ciki, ta bi da su ta matata. Matatar ce ke buƙatar kulawa. A ƙasarmu, da hunturu, ƙura na toshe ta da sauri fiye da yadda littafin masana'anta ya tsara, don haka bai kamata a bi jadawalin wata ƙasa ido rufe ba. Idan ka ji warin rima ko ka ga baƙin layi a bakin hudar iska, lokacin wanke ta ya wuce.

Mura, ƙyanda, tarin fuka da korona ta numfashi suke bi, sanƙarau ma da ke tashi da zafi haka yake, ta cunkoso. Goge tebur ba ya hana waɗannan. Abin da ke rage su shi ne isasshiyar sabuwar iska, rashin cika tarago fiye da kujerunsa, da takunkumi a fuskar mai tari. An gwada wannan a 2020, lokacin da aka dakatar da jiragen Najeriya a watan Maris, na Abuja zuwa Kaduna ya dawo a watan Yuli da sharaɗin sanya takunkumi. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada shi, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware.

Alhazai su ma su lura. Jirgin Masha'ir da ke zirga-zirga tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa tun 2010, da na Haramaini da ya haɗa Makka da Madina tun 2018, duk wuraren haɗuwar mutanen duniya ne. Mai harami idan zai riƙe sabulu ko takardar goge hannu, ya nemi marar turare.

Wani ya yi amai a kusa da ni. Me ya kamata a yi?

Da farko a taimaki mai aman, kada a kunyata shi. A kira ma'aikacin jirgi, na kusa su matsa, a hana yara zuwa wurin. Mai sharewa ya sa safar hannu da takunkumi, ya rufe aman da garin katako ko takarda ya tsotse, ya kwashe a leda biyu ya ƙulle, ya wanke da sabulu, sannan ya bi da kulorin mai ƙarfi ya bar shi wajen minti 10. Tsintsiya ba ta shiga wannan aiki, watsawa take yi. Idan kujerar yadi ce a hana zama a kanta har sai ta ga tururi.

Akwai ƙwayar cutar amai da gudawa da likitoci ke kira norobairos, 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da mutum, tana kwanaki a jikin abu, kuma man goge hannu mai sifirit ba ya yi mata sosai. Saboda haka bayan amai ko gudawa, sabulu da ruwa ne, aƙalla daƙiƙa 20. Idan gudawar ta zama ruwa-ruwa kamar ruwan wankin shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take, a sanar da ma'aikata su nema masa asibiti a tasha mafi kusa. Kwalara na iya kashewa cikin awanni.

Ina tafiya da jariri. A ina zan canza masa famfas?

Uwar ɗa, kada ki yi a kan teburin kujera, nan wani zai ci abinci. Ki zo da ɗan shimfiɗin leda ko zane na musamman, ki shimfiɗa a cinya ko a kujerarki idan banɗaki ba shi da wurin kwantar da yaro. Ki naɗe wanda kika cire, ki ƙulle a leda, ki sa a kwandon shara ko ki sauka da shi. Ki wanke hannunki da nasa. Kashin yara ba shi da sauƙi a kan na manya wajen ɗaukar cuta, ko da kuwa a gida ana raina shi.

Me zan sa a jaka?

Ƙaramin sabulu, man goge hannu, ledoji biyu ko uku, ruwan sha, 'yar buta ko robar da aka ware don tsarki, takunkumi, da silifas na roba idan tafiyar kwana ce.

Idan tarago ya yi datti, laifin masu shara ne?

Wani lokaci. Amma kafin a zagi mai tsintsiya, a tambaya minti nawa aka ba shi, taragai nawa aka ɗora masa, an ba shi omo da safar hannu, akwai ruwa a tanki, an biya shi albashin wannan wata? A ƙasashe da yawa 'yan kwangila ne ke ɗaukar masu sharar jirgi, su ne kuma ƙasan kowa a albashi. Jirgi idan ya makara, lokacinsu ake fara yankewa. Aikin kuma yana da haɗari: allura ko reza a tsakanin kujeru, fasasshiyar kwalba a leda, hayaƙin sinadari, bayan gidan mutanen da ba su sani ba. Haƙƙinsu ne a ba su safar hannu mai kauri, takalmin roba, rigakafin ciwon hanta nau'in B da na tetanos, da horo kan haɗa magani. Mai shara bai kamata ya cusa hannu inda idonsa bai gani ba.

Yawancinsu sun haife mu ko sa'annin ƙannenmu ne. Idan dattijo ya zo da leda, ka ɗaga ƙafa ka ce sannu da aiki Baba, ka miƙa masa sharar a hannu. Na sha ganin mai babbar riga ya yar da roba a gaban mai shara ko kallonsa bai yi ba, kuma abin na yi mini ciwo har yanzu.

Yaya zan kai ƙorafi yadda za a ji?

Ka fara faɗa wa ma'aikacin da ke cikin jirgin tun kuna hanya, don wasu abubuwan, kamar ƙarewar sabulu ko cikar kwandon shara, nan take ake gyara su. Idan ba a gyara ba, ka rubuta kwanan wata, lokacin tashin jirgi, lambar tarago da ta kujera, da ainihin abin da ka gani: famfo ba ruwa, masai ya toshe, kyankyaso a kujera ta kaza. Cewa jirgin duk ƙazanta ne ba ya nuna wa kowa inda zai dosa. Idan za ka ɗauki hoto, ka ɗauki abin da ya lalace, ka bar fuskokin fasinjoji da na masu shara. Sai ka kai wa shugaban tashar da ka sauka, ko ka aika ta hanyar karɓar ƙorafi ta hukumar da ke gudanar da layin, ka haɗa da tikitinka, don a jikinsa za a ga jirgin da ranar.